Tambayoyi da Amsoshi ga Sabbin Masu Binciken Fosfet kan Yadda Ake Fitar da Aiki Gaban Masana

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da matasan likitoci, da malaman jami'a masu fara aiki suke yawan tambaya idan sun shiga binciken fosfet kuma lokacin nuna aikinsu ga wasu ya yi. An fara da tushen ilimin, sannan aka shiga maganar tarurruka da awo da wallafawa.

Mene ne fosfet, kuma me ya sa har yake da fagen bincike na kansa?

Fosfet shi ne siffar da sinadarin fosforas yake ɗauka a jikin mai rai, wato fosforas ɗaya da iskar oksijin huɗu a kewaye da shi. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware fosforas a birnin Hambug a shekarar 1669, kuma daga fitsari ya ciro shi. A jikin baligi akwai fosforas kimanin giram 600 zuwa 700. Kusan kashi 85 cikin 100 na wannan yana cikin ƙashi da haƙori a haɗe da kalsiyam, yawancin sauran yana cikin ƙwayoyin halitta, abin da ke yawo a jini da ruwan jiki kuwa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Da wuya a sami wani aiki na rayuwa da babu hannun fosfet a ciki. Shi ne ke haɗa sassan jerin DNA da na RNA, sinadaran da ke ɗauke da bayanan gado, yana cikin fatar da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta, kuma yana cikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin da tsoka da ƙwaƙwalwa suke aiki da shi, wanda aka gano a 1929. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun nuna a shekarun 1950 cewa ƙwayar halitta tana kunna furotin ko ta kashe shi ta hanyar liƙa masa fosfet ko cire shi, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1992.

Ta yaya jiki yake daidaita fosfet?

Gaɓoɓi uku ne ke riƙe da aikin: hanji yana tsotsa daga abinci, ƙashi yana ajiya, ƙoda kuma tana yanke yawan da zai fita a fitsari. A mai lafiya, ƙoda tana mayar wa jini kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na fosfet ɗin da ta tace, ta hanyar wasu furotin masu safara da ake kira NaPi-IIa da NaPi-IIc, hanji kuwa yana da nasa, NaPi-IIb. Homon PTH, wato sinadari mai kai saƙo ta jini wanda wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke wuya suke fitarwa, yana sa ƙoda ta zubar da fosfet. Bitamin D, bayan hanta da ƙoda sun sarrafa shi, yana ƙara tsotsar da hanji ke yi.

Abin da ya sauya fagen gaba ɗaya shi ne gano FGF23 a shekarar 2000, a wasu iyalai masu gadon laushin ƙashi. Wannan homon ƙashi ne da kansa yake fitar da shi, ya tafi ƙoda ya sa ta zubar da fosfet, ya kuma rage sarrafa bitamin D. Ba ya iya kama ƙoda sai da taimakon furotin Klotho, wanda Makoto Kuro-o da abokan aikinsa suka bayyana a Japan a 1997, aka kuma tabbatar da alaƙarsa da FGF23 a 2006. Idan FGF23 ya yi yawa, kamar a cutar gado ta XLH da ke samun kimanin mutum 1 cikin 20,000, yaro kan tashi da lanƙwasassun ƙafafu, kuma maganin burosumab mai tare wannan homon ya sami izini a Turai da Amurka a 2018. Idan kuma ƙoda ta gaza, fosfet sai ya taru a jini, ya haɗu da kalsiyam ya daskare a jijiyoyi, abin da masu wankin ƙoda suke fama da shi. Shekara 18 ke nan tsakanin gano homon da fitowar magani, wanda ke nuna cewa fagen yaro ne, kuma sabon shiga yana da wurin da zai sa hannu.

Su wa ake nufi da sabbin masu bincike, kuma me ya sa ake ware musu zama nasu?

Ana nufin ɗaliban digiri na uku, da waɗanda suka kammala shi suke ƙarin horo a ƙarƙashin wani babba, da likitoci masu neman ƙwarewa, da malaman da ba su daɗe da kafa rukunin bincike nasu ba. Ana ware musu zama ne saboda a babban taro manya ke riƙe da lasifika, ɗalibi kuwa yakan ji nauyin ɗaga hannu gaban farfesan da yake karanta maƙalunsa. Alhali kuwa ɗalibin ne yake tsaye a ɗakin gwaje-gwaje, shi ya san ranar da gwajin ya ƙi da abin da ya sauya har ya yi. Tarihin fagen ma ya nuna darajar hannun ƙarami, domin hanyar auna fosfet ta Fiske da Subbarow, wadda aka wallafa a 1925 kuma har yau ake gina awo a kanta, ta fito ne lokacin da Yellapragada Subbarow, ɗan Indiya, yake ɗalibi a Harvard bai ma sami digirinsa na uku ba.

A ina ake gabatar da irin wannan aiki?

Cikin tarurrukan Gordon Research Conferences, waɗanda asalinsu ya koma 1931 a Amurka, akwai wanda aka keɓe wa fosfet, daga aikinsa a jiki har cututtukansa. Tsarin Gordon yana da ƙaramin taro na kwana biyu mai suna Gordon Research Seminar, wanda ake haɗawa da yawancin manyan tarurrukan, a yi shi gabanin su, kuma ɗalibai da masu ƙarin horo ne suke shugabantarsa, su zaɓi masu jawabi daga cikin tsakuren da aka aiko, wato taƙaitaccen bayanin aikin kowa. Ana neman gurbi ne a rubuce, kuma ana sa ran kowane mahalarci ya zo da fosta, wato babbar takarda mai taƙaita aiki da ake kafewa a zauren taro, ko jawabi.

Masu aikin ƙashi suna da taron shekara na ƙungiyar ASBMR a Amurka da na ECTS a Turai, masu aikin ƙoda kuma suna da Kidney Week da taron ƙungiyar ƙoda ta duniya, ISN. Waɗannan manya ne, mahalartansu dubbai, don haka sun fi dacewa da aikin da ya kusa nuna. Kada kuma a raina taron sashe na mako-mako da tarurrukan ƙungiyoyin masana na cikin gida, domin a nan ne ya kamata a fara jin suka, tun kafin a kashe kuɗin jirgi.

Aikina bai kammala ba. Ya dace in gabatar da shi a haka?

Ya dace, kuma a wannan fage ya fi dacewa fiye da wasu fagage da yawa. Fosfet yana da sauƙin aunawa, yana kuma da sauƙin aunawa ba daidai ba, kamar yadda tambayoyin awo na ƙasa za su nuna. Kuskuren da aka kama a wata na shida gyara ne na mako biyu, amma wanda aka kama a shekara ta uku, bayan an tara samfur ɗari biyu ta hanya mai aibi, yana iya cinye kundin digirin gaba ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne a faɗi matsayin aikin yadda yake: sau nawa aka maimaita gwajin, samfur nawa ne, wane ɓangare ya tabbata, wane ɓangare har yanzu zato ne. Dole ne kuma malamin da ke duba aikin da sauran abokan aiki su ga abin da za a nuna su amince kafin a tura tsakure.

Idan na nuna sakamakon da ban wallafa ba, wani ba zai riga ni ba?

Tsoron yana da tushe, amma akan kambama shi. Tarurrukan Gordon suna da ƙa'ida mai tsauri cewa ba a ɗaukar hoto ko murya, kuma ba a ambaton abin da aka ji a wata wallafa sai da izinin mai shi, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane suke sakin jiki su nuna ɗanyen aiki a can. A manyan tarurruka tsakure yana fitowa a buge da suna da kwanan wata, ya zama shaida. Wanda yake son shaida mafi ƙarfi sai ya duba tambayar da ta shafi sakin maƙala kafin tantancewa. Abu ɗaya ne yake buƙatar a dakata: idan aikin yana da abin da za a nemi rajistar mallakar ƙirƙira a kansa, kamar sabon magani ko sabuwar hanyar awo, bayyana shi a fili kafin a shigar da takarda yana iya ɓata haƙƙin a ƙasashe da yawa, don haka a fara tuntuɓar ofishin jami'a mai kula da wannan.

Waɗanne tambayoyi za a yi mini kan awon fosfet a jini?

Tambaya ta farko ita ce ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, kuma mutumin ya ci abinci ko bai ci ba. Fosfet na jini yana sauka da hantsi, ya hau da la'asar, ya kai ƙololuwa bayan tsakar dare, kuma abinci mai sitaci ko sukari yana tura shi cikin ƙwayoyin halitta ya sauka na ɗan lokaci. Wanda ya ɗebi jinin marasa lafiya da safe a asibiti, ya ɗebi na masu lafiya da yamma bayan sun tashi daga aiki, zai ga bambancin da agogo ne ya haifar da shi. Tambaya ta biyu ita ce tsawon lokacin da jinin ya yi kafin a raba ruwansa da ƙwayoyinsa. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da fosfet, don haka kwalbar da ta yini a kan tebur cikin zafi, ko wadda ruwanta ya fito da ɗan ja-ja maimakon rawaya saboda ƙwayoyin sun fashe, za ta ba da adadi sama da na gaskiya. Ta uku ita ce shekaru. Iyakar baligi ita ce miligiram 2.5 zuwa 4.5 a kowace desilita, amma na yara ya fi haka, na jarirai ya fi na kowa, kuma an sha barin yaro mai ƙarancin fosfet ya wuce saboda an auna shi da ma'aunin manya.

Sai maganar kayan awo. Yawancin hanyoyi suna haɗa samfur da sinadarin molibdet ne, wasu su bar shi ya rikiɗe shuɗi, a auna kaurin launin. Idan kwalbar da babu samfur a cikinta ta fara yin shuɗi-shuɗi, to fosfet ya shigo ta wata ƙofa, galibi ta sabulun wankin kwalabe, ko ruwan da ba a tace sosai ba, ko ruwan gishirin PBS wanda shi kansa da fosfet ake haɗa shi. Mai gabatarwa ya nuna wannan kwalba da layin ma'auninsa ba tare da an roƙe shi ba. A kuma rubuta ma'auni a fili, domin wasu ƙasashe suna amfani da milimol a lita, kuma milimol 1 daidai yake da kimanin miligiram 3.1 a desilita.

Tambayar da ta fi kama sabbin shiga ita ce me adadin jini yake nufi. Tunda kashi 1 ne kawai ke jini, mai yanke hukunci kan ajiyar jiki daga wannan awo kamar mai duba hatsin da ke cikin ƙwarya ne ya ce ya san abin da ke rumbu. Shi ya sa masu sauraro za su nemi awon fitsari tare da na jini, da lissafin iyakar abin da ƙoda ke iya mayarwa, wanda ake kira TmP/GFR, bisa jadawalin da Walton da Bijvoet suka fitar a 1975.

Gwajina a kan ƙwayoyin halitta ne da ɓeraye. Ina ake yawan kama mutane a nan?

A ruwan da ake renon ƙwayoyin. Ruwan DMEM yana da fosfet kimanin milimol 0.9 a lita, kusa da na jinin mutum, amma RPMI 1640 yana da kimanin 5.6, wanda ya zarce abin da ake gani ko a yawancin masu ciwon ƙoda. Mutum biyu suna iya cewa sun yi gwaji a yanayi na daidai alhali ɗaya ya ninka ɗayan sau shida. Idan kuma aka ƙara fosfet da yawa a ruwan da ke da kalsiyam, su biyun sukan haɗu su zama ƙananan ƙwayoyi masu daskarewa, tsamin ruwan ma ya sauya gwargwadon gishirin fosfet da aka zuba. Za a tambaya ko abin da aka gani aikin fosfet ne, ko na waɗannan ƙwayoyi, ko na raguwar kalsiyam, kuma amsar tana cikin rukunin kwatanci da aka tanada tun farko.

A ɓeraye, abinci ne babbar magana. Abincin ɓera na hatsi yawancin fosfet ɗinsa a ɗaure yake cikin fayitet, sinadarin da ƙwayar hatsi ke ajiye fosfet a cikinsa, abincin da aka haɗa daga tatattun sinadarai kuwa nasa a sake yake, don haka adadi iri ɗaya a rubuce ba ya nufin tsotsa iri ɗaya a hanji. A faɗi irin abincin, da yawan kalsiyam ɗinsa, da jinsin ɓerayen, da shekarunsu, da ko maza ne ko mata. Ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, sun jera abin da ya kamata rahoton gwajin dabbobi ya ƙunsa, kuma yana da kyau a karanta su kafin a sayi ɓera ko ɗaya.

Na auna FGF23, amma adadina bai yi kama da na wata maƙala ba. Me ya faru?

Wataƙila ba abu ɗaya aka auna ba. Akwai awon da ke kama cikakken homon kawai, ana ba da shi a pg/mL, akwai kuma wanda ke kama cikakken tare da gutsurensa na ƙarshe, ana yawan ba da shi a RU/mL, kuma ba a juya ɗaya zuwa ɗaya da lissafi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki da kumburi suna sa ƙashi ya ƙera FGF23 da yawa ya kuma yanyanka shi, sai awon gutsure ya hau sama alhali cikakken bai motsa sosai ba. Duk mai aiki a cikin al'ummar da ƙarancin jini ya yi yawa ya auna matsayin ƙarfe tare da homon, in ba haka ba za a mayar masa da maƙalarsa. An kuma san cewa allurar ƙarfe ta ferric carboxymaltose tana ɗaga cikakken FGF23 ta zubar da fosfet, don haka a tambayi mahalarta irin maganin da aka ba su.

Ni masanin tsirrai ne, ko ƙasa, ko ƙananan halittu. Me ya haɗa ni da likitan ƙoda?

Tambaya ɗaya ce ta haɗa ku: ta yaya ƙwayar halitta take sanin fosfet ya yi mata kaɗan ko ya yi yawa? Masu aikin bakteriya da yis sun riga kowa amsa ta, domin sun daɗe da bayyana tsarin Pho, wato jerin ƙwayoyin gado da ke kunnuwa idan fosfet ya yi ƙaranci. Masu aikin tsirrai sun gano PHR1 a 2001, furotin da ke kunna ƙwayoyin gado idan saiwa ta rasa fosfet. A 2016 aka nuna cewa wani sashen furotin mai suna SPX, wanda ake samu a yis da tsirrai da mutum, yana kama wasu ƙananan sinadarai na inositol masu ɗauke da fosfet da yawa, kuma da su ƙwayar halitta take auna abin da ke cikinta. A jikin mutum wannan sashe yana kan XPR1, furotin da ke fitar da fosfet daga ƙwayar halitta, wanda aibinsa yake jawo daskarewar kalsiyam a ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka bayyana a 2015. Likitan da bai taɓa zama ya saurari mai aikin yis ba zai daɗe bai fahimci wannan furotin ba.

Idan za a yi wa irin wannan gaurayen taro jawabi, a kula da ma'auni. Buhun takin zamani yana rubuta fosfet a matsayin P2O5, kuma sai an ninka da 0.436 kafin a sami ainihin fosforas, abin da likita ba lallai ya sani ba, kamar yadda masanin ƙasa ba lallai ya san TmP/GFR ba.

Na sami sakamako mai ban mamaki. Ko kuma gwajin bai nuna komai ba. Yaya zan yi da su?

Sakamako mai ban mamaki shi ya fi buƙatar a kai shi ƙaramin zama tukuna. A 2010 mujallar Science ta wallafa cewa wata bakteriya daga tafkin Mono a Kalifoniya tana iya gina DNA da arsenik a madadin fosforas, aka yi taron manema labarai, duniya ta ɗauka. A 2012 wasu rukunoni biyu suka nuna cewa bakteriyar tana buƙatar fosfet, kawai dai ta ƙware wajen tsinto ɗan kaɗan da ya rage a ruwan renon, mujallar kuma ta janye maƙalar a 2025. Nauyin sukar ya fi faɗawa kan matashiyar da sunanta ke farko, alhali manya da masu tantancewa duk sun ga aikin sun bar shi ya wuce, kuma wannan ba adalci ba ne. Tambaya ɗaya a gaban fosta, ta nawa ne fosfet ɗin da ke cikin ruwan da aka ce babu fosfet, tana da arha ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya.

Gwajin da bai nuna bambanci ba kuwa a nuna shi, muddin an tabbatar da cewa awon yana aiki kuma samfur ya isa. A zaman sabbin masu bincike sau da yawa za a sami wani da ya yi watanni yana fama da gwaji iri ɗaya.

Ba mu da na'urori masu tsada. Akwai abin da za mu kai wanda wasu za su so ji?

Akwai, kuma an taɓa yi. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda ya fito a New England Journal of Medicine a 1999, ya nuna cewa yaran Najeriya masu laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, fiye da bitamin D kaɗai. Maganar ta shafi fosfet kai tsaye, domin ƙarancin kalsiyam yana ɗaga PTH, PTH ya sa ƙoda ta zubar da fosfet, ƙarancin fosfet kuma ya hana bakin ƙashi mai girma ya ƙarfafa. A Gambiya, rukunin Ann Prentice ya ba da rahoto a 2008 cewa yara masu irin wannan ciwo suna da FGF23 mai yawa, daga baya aka ga alaƙarsa da ƙarancin ƙarfe da aka yi bayani a sama.

Tambayoyin da ke kusa da gida ba su ƙare ba. Fosfet ɗin gero da dawa da wake yawancinsa a fayitet yake, hanji ba ya tsotsar ko rabinsa, alhali wanda ake zubawa a lemon kwalba da naman gwangwani kusan duka ake tsotsewa. Jiƙo da tsimawa, irin wanda ake yi wa gasara, suna warware fayitet, kuma mai ba majinyacin ƙoda shawarar abinci yana buƙatar adadi na abincin da majinyacin yake ci a zahiri. A cibiyoyin kula da tamowa, fosfet na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai a kwanakin farko na sake ciyar da yaro. A gona kuma, ƙasar Sahel tana cikin mafi ƙarancin fosfet, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki mai yawa kan zuba ɗan giram kaɗan na taki a kowane rami, kuma akwai dutsen fosfet a Tawa da Sakkwato. Ƙwayar gadon PSTOL1, wadda aka bayyana a shinkafa a 2012 tana ƙara yawan saiwa a ƙasa maras fosfet, an sami takwarorinta a dawa. Yawancin wannan aiki na'urar auna launi, da firji mai tsayayyar wuta, da littafin rubuta lokacin ɗibar samfur sun isa a fara shi.

Yaya zan tsara tsakure da fosta da jawabin minti goma?

Tsakure ya ɗauki tambaya ɗaya, ya faɗi adadi da ma'auninsa, ya guji alƙawarin cewa za a tattauna sakamako a taro. Fosta ta zama mutum zai karanta kanunta daga nesa ya san abin da aka gano, mai ita kuma ya tsaya a gabanta duk lokacin da aka ware, da biro da takarda, yana rubuta sukar da aka yi da sunan mai yin ta. A jawabi, minti biyu na farko na waɗanda ba 'yan ɓangaren ba ne, kuma kada a matse bayanin hanya don a sami wurin ƙarin hotuna. Idan an yi tambayar da ba a gwada ba, a ce ba a gwada ba.

Zan iya sakin maƙala a intanet kafin mujalla ta tantance ta?

Za a iya. Ma'ajiyar bioRxiv ta fara aiki a 2013, medRxiv ta ɓangaren likitanci a 2019, AfricArXiv kuma a 2018, duk kyauta ne, kuma suna ba maƙala kwanan wata da lambar da za a riƙa ambatonta da ita. Yawancin mujallun fagen suna karɓar maƙalar da aka riga aka saki haka, amma a duba ƙa'idar mujallar tukuna. Idan aikin ya shafi marasa lafiya, dole ne a sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tun kafin a ɗebi jinin farko, kuma kada a saki abin da zai sa majinyaci ya sauya magani da kansa. Wajen zaɓen mujalla, a yi hattara da masu aiko da gayyata ta imel suna alƙawarin bugawa cikin mako ɗaya idan an biya. A duba ko mujallar tana cikin kundin DOAJ ko PubMed, a kuma nemi rangwamen kuɗin wallafawa, wanda mujallu da yawa suke yi wa marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Sunan wa zai shiga maƙalar, kuma wa zai biya kuɗin tafiya?

Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, ta gindaya sharuɗɗa huɗu: mutum ya ba da gudummawa ta gaske a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da siffar ƙarshe, ya kuma yarda ya amsa tambaya a kan aikin. A yi wannan magana da malami tun farko, cikin ladabi, a rubuta abin da aka tsayar, musamman idan samfur zai tafi wata ƙasa don awo. A buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu suna irin nasa, domin sunaye irin namu suna yawan maimaituwa. Game da kuɗi, manyan ƙungiyoyin ƙashi da ƙoda suna da tallafin tafiya ga matasan da aka karɓi tsakurensu, ISN tana da shirin horar da likitocin ƙoda daga ƙasashe masu tasowa tun 1985, a Najeriya kuma TETFund tana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati su halarci taro. A nemi takardar gayyata da zarar an karɓi tsakure, saboda biza tana cin watanni.

Waɗanne tambayoyi ne har yanzu suke buɗe a fagen?

Ta farko ita ce yadda ƙashi da gaɓoɓin wuya masu fitar da PTH suke jin fosfet na jini. Kalsiyam yana da sanannen furotin mai jin sa, amma a fosfet ana ta muhawara kan wane furotin ne ke yin wannan aiki, tsakanin PiT1 da PiT2, da FGFR1, da shi kansa mai jin kalsiyam ɗin. Ta biyu ta fi taɓa majinyata. Tun 1998 nazarin masu wankin ƙoda a Amurka ya nuna cewa masu fosfet mai yawa sun fi mutuwa, kuma a kan haka ake ba su ƙwayoyin da ke ɗaure fosfet a hanji, irin su kalsiyam kabonet da sevelamer, aka ƙara da tenapanor, wanda ke rage tsotsar fosfet a hanji ba tare da ɗaure shi ba, a Amurka a 2023. Sai dai yawancin hujjar ta lura ce, shi ya sa jagorar 2017 ta KDIGO, ƙungiyar da ke tsara jagororin kula da ciwon ƙoda, ta tsaya a shawarar a sauko da adadin zuwa kusa da daidai, ta kuma sa shawarar a rukunin masu raunin hujja. Ta uku ita ce ko FGF23 da kansa yake kumbura zuciya a ciwon ƙoda, kamar yadda gwajin ɓeraye na 2011 ya nuna, ko kuwa alama ce kawai ta tsananin ciwon. Wanda zai gabatar da aiki a kan ɗaya daga cikin ukun nan ya shirya wa tambayoyin lokacin ɗibar jini, da irin awon homon, da matsayin ƙarfe, domin da su za a fara.